Yadda Okoye Ta Manta Hausa

Duk wanda ya taɓa zama teburin mai shayi a Samaru bayan sallar isha'i, a bakin titin Sakkwato daura da ƙofar jami'a, ya san irin musun da za mu yi magana a kai. Sabon fim na sadaukan Amurka ya fito, masu tura fim a waya sun raba shi, kowa ya kalla, sai a rabu gida biyu. Gida ɗaya suna cewa an ɓata labarin, ba haka yake a littafin zanen ba. Ɗaya gidan suna cewa fim ne fa, a kalla a wuce, wa ya aike ku? Mun daɗe a gida na farko. Mu ne masu ƙirga launin riga da tsawon mashi, masu tuna wa mutane cewa a littafi wane ne ya fara marin wane. Yau mun zo ne mu ce mu da abokan musun namu duk mun yi kuskure, kuma shaidarmu ita ce fim ɗin da muka fi tafa wa, wato Black Panther na 2018.

Bari mu fara da namu kuskuren. Idan muka ce fim bai bi littafi ba, wane littafin muke nufi? Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙiro T'Challa, sarkin ƙasar Wakanda, a fitowa ta 52 ta mujallar zane mai suna Fantastic Four a 1966. M'Baku ya shigo a 1969 ta hannun wasu marubutan. Killmonger ya shigo a 1973, cikin dogon labarin da Don McGregor ya rubuta. Dakarun mata masu gadin sarki, Dora Milaje, sai a 1998 Christopher Priest ya kawo su. Ƙanwar sarki, Shuri, babu ita sai 2005, zamanin Reginald Hudlin. Shekara 52 ke nan ana ɗora labari kan labari, na gaba yana warware abin da na baya ya saƙa. Darakta Ryan Coogler da abokin rubutunsa Joe Robert Cole sun tarar da rumbu cike da hatsi iri-iri, ga shi awa biyu da kwata kaɗai suke da ita. Dole su ɗebi wani su bar wani.

A wurare da dama kuwa sun iya ɗiba. A littafi, laƙabin M'Baku yana nufin mutum-biri, yana yawo cikin fatar farin goggon biri, kuma mugu ne. Kowa ya san abin da ake nufi a Amurka idan aka haɗa baƙar fata da biri. Fim ɗin ya jefar da laƙabin, ya mai da M'Baku shugaban ƙabilar Jabari mai girman kai da barkwanci, wanda mutanensa ne suka tsinci sarki a bakin mutuwa. Dora Milaje a wajen Priest 'yan mata ne ƙanana da ake tattarowa daga ƙabilun ƙasar a matsayin waɗanda sarki zai iya aura nan gaba. Fim ɗin ya cire wannan, ya bar su sojoji zalla. Nakia ta littafi son sarki ne ya juya mata tunani har ta koma abokiyar gaba. Ta fim 'yar leƙen asiri ce mai ra'ayin kanta, wadda take gaya wa sarki gaskiya a kan idonsa. Killmonger na littafi ba jinin sarauta ba ne. Fim ɗin ya mai da shi ɗan baffan T'Challa, maraya da aka yasar a birnin Oakland a 1992, kuma wannan canjin shi ne ya ba labarin zuciya. Wurin da ya ɗaga sarki ya jefa shi daga kan magangarar ruwa kuma, wannan an bar shi kamar yadda McGregor ya tsara, domin babu abin gyara a cikinsa.

Da Coogler ya bi shawararmu ta teburin shayi, ya kwafe littafi shafi-shafi, da mun zauna muna kallon baƙin mutum ana kiransa biri, da yara mata suna jiran auren sarki. Mun sauka daga wannan ra'ayin, kuma ba mu ji kunya ba.

To, amma masu cewa fim ne kawai kada su yi saurin dariya. Fim ɗin nan ya tara sama da dala biliyan 1.3 a gidajen sinima, ya ci kyautar Oscar uku a 2019. Mutanen da suka san Wakanda ta fim sun ninka waɗanda suka taɓa buɗe littafin ninkin ba ninkin. Abin da fim ya ɗauka shi ne duniya za ta sani. Abin da ya bari kuwa sai 'yan tsirarun masu tone-tone irinmu. Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa kowane fim da aka ciro daga littafi ita ce: me aka yar, me aka saka a gurbinsa, kuma wa ya yi asara?

Sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma a can muka koyi wannan tambayar. Idan aka kawo mana tsohuwar manhaja aka ce mu sake gina ta don ta yi aiki a waya, ba ma kwafe ta layi-layi. Zama ake yi a ɗaki a rubuta jerin abubuwan da ba za a yarda su ɓace ba. Akanta zai kare lissafinsa, mai kula da tsaro zai kare makullansa, maigida zai kare tambarin kamfani. Idan aka gama aiki aka duba, abin da ya ɓace kusan kullum shi ne wanda mai shi ba ya cikin ɗakin. Shi ya sa za ka cika fom a intanet ka rubuta Ɗanladi ko Ƙasimu, na'ura ta mayar maka da alamar tambaya a wurin harafin farko. Babu wanda ya zauna ya ƙulla wa ɗ da ƙ sharri. Ranar da ake rubuta jerin ne babu Bahaushe a zaune.

Ga abin da ya ɓace a Black Panther. A littafin Priest na 1998, Okoye da Nakia ba sa magana da kowa sai sarki, kuma da harshe ɗaya suke yi masa magana: Hausa. Marubucin ya zaɓi harshen da sauran mutanen Wakanda ba su cika ji ba, don ya zama harshen sirri tsakanin sarki da mafi kusancin masu tsaronsa. Ba muna cewa an cika shafukan da zaƙin Hausa ba ne, domin al'adar littattafan zane ita ce a rubuta Turanci a nuna wa mai karatu cewa fassara ce. Duk da haka matsayin yana nan. A ƙasar da aka ƙirƙira don ta zama mafarkin baƙar fata, ƙasar da Bature bai taɓa mallaka ba, wadda ta fi kowace ƙasa fasaha, harshen cikin fada shi ne wanda ake cinikin tumatir da shi a kasuwar Sabon Gari.

A fim, harshen fada ya koma Xhosa na Afirka ta Kudu. Arewacin Najeriya kuma an ba ta wani wurin. Da fara fim ba da jimawa ba, rubutu ya bayyana a allo: dajin Sambisa, Najeriya. Dare ne, ga jerin motoci, ga 'yan bindiga, ga mata a lulluɓe an cusa su a bayan mota. T'Challa ya diro daga sama ya tarwatsa su. Ɗaya daga cikin 'yan bindigar ya riƙe wata mata ya ɗora mata bindiga, ya rantse da wallahi zai harbe ta. Kalmar da iyayenmu mata ke faɗa idan sun ga jika ya yi ƙiba, kalmar da ɗan acaɓa ke faɗa idan yana roƙon a ƙara masa naira hamsin, ita ce ta fito daga bakin mai garkuwa da mata. Wadda ta soke shi da mashi kuwa Okoye ce, ita ɗin dai da a littafi Hausa ce harshenta da sarki. A takarda muna cikin fada kusa da kunnen sarki. A allo muna cikin daji riƙe da bindiga, ko a bayan mota muna jiran a cece mu.

Mun san amsoshin da za a ba mu, domin mu ma mun taɓa ba wa kanmu su.

Za a ce zaɓen Xhosa yana da dalili. Gaskiya ne. John Kani, dattijon ɗan wasa na Afirka ta Kudu wanda ya fito a uban T'Challa tun a fim ɗin Captain America na 2016, shi ne ya kawo harshensa, aka ɗora a kai. Ba mu da ja da Xhosa, kuma Kani ya yi abin da ya kamata kowane ɗa ya yi wa harshen uwarsa. Amma ku lura da abin da labarin ke koyarwa: Xhosa ta shiga ne domin tana da mutum a ɗakin. Kuma littafin bai ce duk Wakanda Hausa take yi ba. Cewa ya yi akwai harshe na biyu, na sirri, tsakanin sarki da dakarunsa. Ana iya barin Xhosa a bakin jama'a, a ba Okoye jimla uku da Hausa a kunnen sarki, ba tare da an ƙara wa fim ko minti ɗaya ba.

Za a ce Wakanda a gabashin Afirka aka ajiye ta, me ya kai Hausa can? To me ya kai Xhosa? Masu shirya fim ɗin sun zaga nahiyar nan kaf suna tsintar abin da ya burge su. Barguna daga Lesotho, zoben wuya daga Ndebele, hular sarauniya daga Zulu, rawani da shuni daga Buzaye, karin maganar M'Baku daga Ibo, muryar Baaba Maal na Senegal yana waƙa da Fulatanci. Duk waɗannan babu su a matsayin sharaɗi a littafi, an nemo su ne. Abu ɗaya da littafin ya kira da sunansa, harshen da miliyoyin mutane ke yi daga Zariya zuwa Maraɗi zuwa zangon Kumasi, wanda gidan rediyon BBC ke watsa shiri da shi tun 1957, shi ne bai samu wuri a fada ba.

Za a ce Hausar tana manne da al'adar nan ta matan sarki masu jiran aure, da aka yar da ɗaya dole ɗayar ta bi. Wannan ma bai tsaya ba. An yar da maganar auren, amma an riƙe sunan rundunar, an riƙe sunan Okoye da na Nakia, an riƙe biyayyar dakarun ga gadon sarauta. Wanda ya iya tsince tsakuwa daga cikin shinkafa har haka, ba rashin iyawa ne ya sa ya zubar da wannan ƙwayar ba.

Amsa mafi nauyi ita ce ta ƙarshe. Za a ce Sambisa gaskiya ce, 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 gaskiya ne, kuma masu fim ɗin tausayi ne ya sa suka tuna da su. Mun yarda da niyyar, har ma mun lura cewa Nakia ta hana a kashe wani yaro cikin 'yan bindigar saboda shi ma sato shi aka yi. Wannan ya nuna wani ya yi tunani. Amma ku sake kallon wurin. T'Challa bai je dajin don matan ba, ya je ɗauko Nakia ne ta halarci naɗinsa. Da aka gama faɗa aka gargaɗi matan kada su faɗa wa kowa abin da suka gani, jirgi ya tashi, ba a sake jin ɗuriyarsu ba har fim ya ƙare. Babu wadda aka ba suna a cikinsu. An fara nuna fim ɗin a Amurka ranar 16 ga Fabrairun 2018. Ranar 19 ga watan aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantarsu a Dapchi, jihar Yobe. Babu wanda zai koya mana cewa abin gaskiya ne. Abin da muke cewa shi ne, masifar da muke binne gawarwakinta an yi amfani da ita a matsayin dandalin da jarumi zai gwada sabuwar rigarsa, kuma ita kaɗai ce fuskar da aka nuna wa duniya tamu.

Mu kuwa me muka yi? Tafi muka yi. Muka haɗa hannu a ƙirji muna ɗaukar hoto. Mu masu da'awar sanin littafi, da ke iya yin awa guda muna musu kan ko ƙarfen Wakanda ya fi na garkuwar wane, ba mu ɗaga murya kan wannan ba, domin yawancinmu ba mu ma karanta Priest ba. Taƙaitawar da wasu suka yi a YouTube muka haddace.

Nan ne zancen ya dawo gida, kuma nan ne ya fi ciwo. Idan akwai garin da bai kamata a koya wa yadda ake juya labarin wasu ya zama naka ba, to Zariya ce. A nan hukumar talifi ta zauna ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. A nan Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamusawa da wasunsu, ya sa musu rawani da kirari har yaron Katsina ya rantse a unguwarsu abin ya faru. Ahmadu Ingawa ya ɗauko sadaukin Rasha, Ilya Muromets, ya mai da shi Iliya Ɗan Mai Ƙarfi a 1951. Da masu ƙirga launin riga ne suka yi musu alƙalanci, da duk sun faɗi. Sun ci ne saboda sun san abin da za su riƙe da abin da za su saki, kuma mai karatunsu yana zaune a zuciyarsu lokacin da suke zaɓe.

Juya littafi ya zama fim ma ba baƙo ba ne a wajenmu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. Sannan muka bar shi ya ɓace. Sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta ƙasa, aka gyara shi da taimakon wata cibiya a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a watan Fabrairun 2018. A watan da muke rububin Wakanda a wayoyinmu, Jamusawa na zaune suna kallon fim ɗin Hausa da yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Fina-finan Kano ma da littafi suka yi tatata. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zama fim a 1994, Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu a 1998. Daga baya da yawa suka ga kwafo fim ɗin Indiya fage-fage ya fi sauƙi a kan zama da marubuci.

Sadauki kuwa muna da shi tun 1934. Ganɗoki na Bello Kagara mayaƙi ne na zamanin Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse. Ya yaƙi Turawa, ya bi Sarkin Musulmi Attahiru a hijirar da ta ƙare a Burmi a 1903, sannan shi da ɗansa Garba Gagare suka faɗa duniyar aljannu suna ta gwabzawa, kafin ya dawo ya tarar da ƙasa ta canza. An buga shi shekara huɗu kafin Superman ya bayyana a 1938. Ga takobi, ga kirari, ga aljannu, ga tarihin da kakanninmu suka gani da idonsu. Har yau yara sun fi sanin sunan gudumar Thor a kan sunan ɗan Ganɗoki.

Sai dai duk wanda zai taɓa Ganɗoki ya sani shi ma yana da nasa mutum-birin. Jarumtar zamanin Nagwamatse a kan wasu mutane aka yi ta. Gbagyi da Kambari sun san ma'anar hare-haren Kwantagora da kamen bayi, kuma jikokinsu suna nan tare da mu a aji ɗaya da ofis ɗaya. Ƙarshen littafin ma, inda tsohon mayaƙi ya sauko ya yaba da sabon zamani, an rubuta shi ne don gasar da Bature ya shirya. Wanda zai zana shi ko ya yi fim ɗinsa dole ya yanke shawara a kan waɗannan. Idan muka rufe ƙofa mu kaɗai muka rubuta jerin abin da za a riƙe, za mu yi wa Gbagyi abin da aka yi mana a Sambisa, mu mai da su taron marasa suna da jarumi ke gwada takobi a kansu. Ranar nan ba mu da bakin yi wa Coogler ƙorafi.

Kayan aikin duk suna nan Samaru, tafiyar ƙafa tsakaninsu. A harabar nan ne su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, suna cewa a koyi dabarar Bature a zana abin gida da ita. Sashen zane yana nan, sashen wasan kwaikwayo yana nan, malaman Hausa da na tarihi suna nan, mu masu manhaja muna nan muna gina wa wasu shagunan intanet. Littafin zane da ake karantawa a waya, ana ja da yatsa daga sama zuwa ƙasa, ba ya buƙatar injin buga takarda ko dala miliyan. Yana buƙatar marubuci, mai zane, izini daga masu haƙƙin littafin, da mutanen da za su yi musu na gaske kan abin da za a riƙe. A gayyato ɗan Gbagyi ya zauna tun ranar farko. A gayyato mata, domin su faɗa mana yadda suke ganin matan da ke cikin labarin. A tabbata harafin ɗ na sunan Ganɗoki ya fito daidai a kowace waya.

Kafin nan, ga roƙonmu ga abokan teburin shayi. Idan fim na gaba ya fito, wanda zai ce ba haka yake a littafi ba, ya fara nuna mana cewa ya karanta littafin. Wanda zai ce fim ne kawai, ya gaya mana ko zai faɗi haka ga uwar da 'yarta ke cikin motar nan ta gaske. Sannan mu duka mu zauna mu lissafa abin da aka yar da wanda ya yi asara. Mun yi wannan lissafin a kan Black Panther, kuma ga sakamakon: fim ne mai kyau, ya fi littafinsa mutunci a wajen M'Baku da Nakia da Killmonger, ya kuma gaza shi a wajenmu. Za mu sake kallonsa, amma idan Okoye ta sunkuya za ta yi wa sarki raɗa, mun san harshen da ya kamata mu ji.